Bututun da Na Ƙi Yankewa

Kakata ta wajen uba, Iya Dije, ba ta fara tatsuniya sai an sauke tuwo, garwashi ya rage a murhu. Mu kewaye ta, tana gasa gyaɗa a bakin wuta tana miƙa wa wanda ya fi nutsuwa. Ni take fara tsokana: "Angona, matso mana, ko tsoron amaryarka kake?" Sai ta gyara murya ta ce, "Ga ta nan tafe da ƙafarta." Mu ce, "Ta shigo, ga tabarma."

Akwai guda ɗaya da ba na mantawa da ita. Wai an yi fari a wani gari, sai wani mai busa ya tafi neman taimako wajen tsohuwar da ke tsaron kogi. Ta ba shi damin gora, wata doguwa, wata gajera. Doguwar tana kiran hadari, matsakaiciya tana kiran iska, ƙananan kuma tsuntsaye suke kira. Ta ce ya kai su gida yadda suke. A hanya ya ji kukan kura a bayansa, ga dogayen suna sarƙewa a ƙaya. A nan Iya takan tura itace cikin wuta, mu kuwa ko motsi babu.

"Sai ya zaro wuƙa," in ji ta, "ya daidaita su da tsawon jakarsa. Ya tsira, ya iso gida. Da ya busa, ƙyat-ƙyat kawai kake ji kamar 'yan tsaki. Hadari bai zo ba. Tsuntsaye ne suka zo, suka cinye ɗan irin da ya rage."

Na ce, "To Iya, da kura ta cinye shi fa?"

"Oho. Ni dai abin da ya faru na faɗa maka."

Na girma na zo Riyadh. Iƙamata, wato katin izinin zama, direba ta ce, amma ainihin sana'ata sayen kayan gidan waɗanda za su bar ƙasar, in sayar. A shekarar da aka tsananta binciken takardu, na sayi kayan gidan wani Bature, a ciki har da abin kiɗan nan da suke kira ogan: akwati mai madannai, da zuga-zugi na fata irin na maƙera, da bututu jere, na dalma da na katako. Na ajiye shi a sito na kafilina, ubangidan da ya tsaya mini a takardu, a unguwar Al-Oud. Da ya gani, ransa ya ɓaci. Ya ce kayan coci ne, in bai bar masa wuri kafin la'asar ba, zai soke iƙamata in koma gida.

Na samu mai karɓa a unguwar Al-Naseem, wani ɗan Indiya mai gyaran na'urar sanyi, wanda mahaifinsa sana'ar gyaran ogan ya yi. Ni da abokin aikina Sani, mutumin Maraɗi, muka loda a a-kori-kura. Komai ya shige ƙarƙashin tamfol, ban da dogayen bututun, da suka leƙo baya kamar bakin bindiga.

Sani ya ɗauko zarto. "Malam Bala, akwai shingen 'yan sanda a hanya. In askar suka ga wannan, ni da kai sai jirgi. Taƙi biyu zan rage, wa zai sani?"

Gaskiyarsa ce, ban kuma san komai game da ogan ba. Amma da haƙorin zarton ya taɓa katako, sai na riƙe hannunsa. "Bar su yadda suke."

"Kana da iyali fa!"

"Na sani. Hau mu tafi."

Aka kuwa tsayar da mu. Askar ya karɓi iƙamata ya riƙe, ya zaga baya, ya ƙwanƙwasa bututun. Ya tambaye ni mene ne. Larabcina ya gudu. Sai na zaro mafi tsawon, na kafa baki na hura da dukan ƙarfina. Wata murya ta fito mai kauri kamar ta bijimi, har ƙarfen motar ya ɗauka. Ya ja baya, ya dube ni, ya dubi Sani da ke ta salati. Can ya miƙo mini katina, ya ce in ɗaura jan ƙyalle a ƙarshensu, yalla, mu wuce.

Ɗan Indiyan ya jera su a ƙasa daga babba zuwa ƙarami, yana shafa bakin kowanne. Ya ce fatar zuga-zugin da zafi ya fasa zai sake ta, wanda ya lotse zai miƙar, amma muryar bututu a tsawonsa take, in ana saita shi ma kaɗan-kaɗan ake taɓawa.

Ban ce dabarata ce ta fitar da ni ba. Da wani askar daban muka tarar, da yanzu a gida nake ba da wannan labari, kuma da Sani ne mai gaskiya. Sai daga baya na gane dalilin da ya sa Iya ta ƙi amsa mini: ba ta taɓa cewa kura ba ta cin mutum ba. Ta dai nuna mana abin da mai yanka yake isa gida da shi, ta bar mana zaɓi.