Sandar da Kishirwa Ta Kama a Aliero

Ana sallame asuba muka bar Jega mu uku, da mitar gwaji a jakata. Aikinmu duba wutar sababbin gine-gine kafin a tare, musamman sandar tagullar nan da ake kafawa a ƙasa don ta shanye wutar da ta ɓalle, kada ta bi jikin mutum.

A Maiyama muka karya da waina mai zafi, direbanmu yana ta ƙorafi wai ta ƙanƙance. Shagunan da muka gwada can lafiya lau. Muka juyo ta Jega muka miƙi hanyar Aliero, inda hanci ke riga ido sanin an iso, don buhunan albasa ne jibge a bakin titi.

Gidan wani dattijo manomin albasa ne ya tsayar da mu. Ran Juma'a zai tare da iyalinsa, amma matarsa ta ce ƙafarta ba za ta taka gidan ba, don famfon ƙarfen da inji ke tura wa ruwa ya fizge ta da wutar lantarki. Shi kuwa ya ce raki ne.

Na ɗora mita. Kai! Kamar ba a kafa komai ba. Waya lafiya, ɗauri lafiya, to mene ne? Na bi wayar har bayan gida, sai ga sandar a ƙarƙashin rumfar ajiyar albasa. Dattijon ya zuba yashi, ya haƙa kwata ta kewaye wurin.

"Wurin ga ko raɓa ba ta taɓa shi," in ji shi da alfahari. "Albasa ba ta son laima."

"Baba, ita kuwa sandar laima take so. Busasshiyar ƙasa ba ta karɓar wuta."

Na dubi gindin famfon, inda jikokinsa za su riƙa wanka. Na ƙi sa hannu a takardar amincewa, ransa ya ɓaci. Can ya nuna wani lungu.

"To, inda nika alwala fa?"

Nan muka kafa sabuwa, mita ta nuna daidai. Muka kuma samu wayar injin da ta ɓare, muka canza.

Da la'asar muka dawo Jega, rigata na warin albasa. Yanzu duk gidan da na shiga, kafin in ciro mita sai na tambayi matan gida abin da suka ji a jikinsu. Dattijon dai da kansa ya fara kama famfon, ya daɗe riƙe da shi, sannan ya aika a kira matarsa.