Akwatin Malam Hayasaka Bai Iya Rufa Asiri Ba

Ranar Talata, huɗu ga Fabrairu, da hantsi, ina shanya kaya a baranda sai Michiyo-san ta kira ni a waya. Ko gaisuwa ba ta yi ba, cewa kawai ta yi, "Fumie-san, maigida ya tafi." Haka na ji rasuwarka, Malam Tomoji Hayasaka, makaɗin jitar bas na unguwarmu ta Nagata a Kobe, kana da shekara saba'in, bayan kwana tara a asibiti da ciwon zuciya. Mutuwa rigar kowa ce, ban yi jayayya da ita ba. Jayayyata da masu rai ce, da mutum ɗaya daga cikinsu. Na san da kana nan za ka ce in yi shiru, to ba ka nan, kuma ni ba kai ba ce.

Ni ce mafi ƙanƙanta a ɗalibanka wajen iyawa, mafi tsufa wajen shekaru. Shekara talatin da biyar na yi a kan keken ɗinki a masana'antar takalma, na bar aiki da ciwon baya da ɗaki shiru. Wata rana na ji wani kiɗa mai kauri yana fitowa ta tagar gidanku, na tsaya da kwandon cefanena har tofu, awarar da na sayo, ya fara ɗumi. Ka leƙo ka ce in shigo, kada maƙwabta su zaci ɓarauniya ce. Na shiga ina neman makaɗa uku, na tarar da kai kaɗai da jita mai tsirkiya huɗu, da wani ɗan akwatin ƙarfe a ƙasa wanda bai fi gwangwanin kifi ba. Ka ce sunansa lufa. Mutum ya taka shi sau ɗaya ya kaɗa abin da zai kaɗa, ya sake takawa, sai akwatin ya riƙa maimaita abin ba tsayawa, shi kuma ya ɗora wani kiɗan a kai. Taku biyu a jere, ya tsaya. In kuwa aka danne aka riƙe, ya goge komai. Ka ce kai ma sabon shiga ne, watanka huɗu da saye, in ina so mu koya tare.

Wayyo ƙafata! Ƙafar da ta saba da keken ɗinki ba ta san ta taka ta ɗaga ba, dannewa ta sani har a kai ƙarshen fata. Sau nawa ka zauna ka gina kiɗa hawa huɗu, ka ce in taka in ji, na sa ƙafa na share shi tas? Ba ka taɓa ɗaga murya ba. Sai ka cire tabarau ka goge, ka ce, "Fumie-san, wannan takalmin da kike ɗinkawa, lamba nawa ne? In ya yi mini daidai a ajiye mini." Ka koya mini in ƙirga huɗu a zuci kafin in taɓa tsirkiya, in fara da sauti biyu kacal, in taka daidai kan ɗaya, domin wanda ya makara da ƙiftawar ido zai ji tuntuɓensa yana dawowa kowane zagaye. In na yi fushi na ce akwatin mugu ne, sai ka ce ba mugu ba ne, abin da na ba shi yake mayar mini. Bayan darasi Michiyo-san ta soya mana sobameshi, shinkafa da taliya a haɗe, ka ture mini ƙanzon, wai ladan wadda ta goge sau uku kawai.

Sai da muka yi shekara kafin na san abin da ya sa dattijo mai shekara sittin da bakwai ya sayi irin wannan akwati. Shekara ashirin da shida kana ƙungiya ɗaya da Gen Shiratori, mai ganga kuma shugaban ƙungiyar. Wani yammaci bayan wasa, kuna cin abinci da makaɗan gari kusan ashirin, ya ajiye kofinsa ya ce Hayasaka ya tsufa, yana jan ƙafa, kiɗa na gaba shi yana baya, dole a nemi sabon hannu. A gaban kowa. Kai kuma me ka yi? Ka miƙe, ka sunkuya masa, ka ba da haƙurin wahalar da ka jawo wa abokan aiki. Duk lokacin da na tuna wannan sunkuyon sai in ji kamar in fasa kwano. Daga ranar babu wanda ya sake kiranka wasa a garin nan, domin a sana'arku in aka ce mai bas ya rasa taku, an binne shi da rai.

Ka sayi lufa ne don ka ji da kunnenka ko gaskiya ne. Wata rana ina zaune ka kaɗa layi takwas, ka taka, muka saurara yana zagayawa ba ko ɗigon tangarɗa. Sai ka ce, "Ashe ba ni ba ne." Ka gaya mini Gen tun farkon haɗuwarku in kiɗa ya yi masa daɗi gudu yake yi, kai kuma kana binsa a hankali yadda ba wanda zai gane, domin aikin mai bas ke nan, rufa wa mai ganga asiri. Da tsufa ya zo gudun ya ƙaru, ka fara riƙe shi kada ku faɗa rami, riƙon nan shi ya kira jan ƙafa. Laifi tudu ne, ya taka nasa ya hango naka.

Na ce, "Malam, ɗauki akwatin nan mu je gidansa yanzu!"

Ka ce, "A yi me? Tsoho ne, ganga kaɗai gare shi. Ki yi mini alkawari ba za ki faɗa wa kowa ba."

Na yi alkawarin ina cizon leɓe, kuma na cika shi. Masu bas uku ya ɗauka bayanka, kowanne ya gudu, har yanzu yana cewa yaran zamani ba su da taku. Ka mutu garin nan yana ɗauke da ƙaryarsa a kanka, abin da ya hana ni barci ke nan.

Ranar jana'izarka babu furen da ya kai na Shiratori girma, da sunansa ɓaro-ɓaro a allo, ana hango shi tun daga titi. Ya ƙona turare ya fi kowa daɗewa, ya fi matarka kuka, yana ta "ɗan'uwana, ɗan'uwana." Mutumin da shekara uku bai aiko ko katin sabuwar shekara ba! Na sunkuyar da kai ina kallon takalmansa, ɗinkin ma ba kyau.

Da ana shirin raba kayanka ga masoya don tunawa, Michiyo-san ta miƙo mini lufar a naɗe cikin ƙyalle. Ta ce da safen ranar da aka kai ka asibiti ka zauna da lufar, kuma ba wanda ya taɓa ta tun lokacin. Irin mai araha ce, abu ɗaya take riƙewa, na ƙarshe. Na kai gida na haɗa ta da lasifika, na durƙusa na taɓa da yatsa, don ban yarda da ƙafata ba. Sai ga ka. Layi takwas na kiɗan da kuke rufe wasa da shi a da, wanda duk wani tsohon Kobe mai zuwa jin kiɗa ya haddace. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi a jana'iza ba.

Ban san yadda labarin ya kai kunnen Shiratori ba. Ya same ni har gida da kwalin alewa.

"Fumie-san, an ce muryar ɗan'uwana na wurinki. Ranar addu'ar kwana arba'in da tara, bayan an ci abinci, ki bar ni in yi wasan ƙarshe da shi. Ni da shi kaɗai. Kin san ni na riƙe shi shekara ashirin da shida, ko da hannunsa ya fara nauyi."

"Haba Shiratori-san, ai alfarma ce," na ce. "Sai dai ni zan taka, don Michiyo-san ta ce kada kowa ya taɓa. Ka yi haƙuri da ni, ka san sabuwar shiga ce."

Michiyo-san ba ta faɗi haka ba, Malam. Wannan ƙarya ta farko ke nan, akwai ta biyu tana zuwa.

Mako uku na yi ina taka gwangwanin kifi a kicin, taka ɗaga, taka ɗaga, har mai gidan ƙasa ta hau ta tambaya ko ɓera nake kashewa. A gaban jama'a ba a durƙusa wa lufa, da ƙafa ake yi, kuma na san in ƙafar tela ta tuna tsohon aikinta na daƙiƙa biyu, na kashe ka karo na biyu, shaidarka ɗaya tilo ta tafi, maganar Shiratori ta zauna har abada.

Lahadin da ta wuce, bayan addu'a, muka taru da rana a shagon shayin da kuka saba wasa. Makaɗan gari sun cika, har da yawancin waɗanda suka ci abincin wancan yammacin suka yi gum. An jingina hotonka a kujera, jitarka a gefe. Shiratori ya yi jawabi mai tsawo, ya zauna bayan gangunansa, ya ɗaga mini kai. Na ƙirga huɗu yadda ka koya mini, na taka, na ɗaga.

Ka cika ɗakin. Zagaye na farko da na biyu ya bi ka lafiya, har wasu suka fara share hawaye. A na uku kiɗa ya yi masa daɗi, ya lumshe ido, ya fara halinsa. Da kana da rai da ka lallaɓa ka bi shi. Akwatin bai bi shi ba. Kafin zagaye na huɗu ya ƙare ya wuce ka da rabin taku, ya buɗe ido ya ja baya, ya kama, ya sake tserewa. Sau uku yana haka. Ɗakin cike da mutanen da kunne ne abincinsu, ba wanda ke bukatar a yi masa bayani, kuma kowa ya san akwati ba ya tsufa, ba ya jan ƙafa. Wani tsoho mai busa a bayana ya ce a hankali, "Af, ashe haka ne." Rana dubu ta ɓarawo.

Shiratori ya juyo, gumi na ɗiga daga haɓarsa. "Fumie-san, tsayar. Tsayar mana, akwatin ya lalace!"

Na ce da ƙarfi yadda na baya za su ji, "Ka gafarce ni, Shiratori-san, Malam bai kai ga koya mini tsayarwa ba. In na taka na goge shi fa? Ka bi shi kawai, ai ka ce kai ka riƙe shi."

Ya sake gwadawa, sandar hagu ta kuɓuce ta gangara ƙarƙashin tebur, ba wanda ya ɗauko masa. Kai kuwa kana ta tafiya, kai kaɗai, taku bayan taku, mutane suna gyaɗa kai tare da kai. Shiratori ya ajiye ɗaya sandar. Sannan ya miƙe, ya zagayo gaban ɗan akwatin da ke ƙasa, ya haɗa ƙafafu ya sunkuya, irin sunkuyon da ka yi masa. Na san kai da tuni ka ruga ka ɗago shi. Ni na bar shi a duƙe zagaye uku cif, ɗaya don kowace shekarar da wayarka ba ta yi ƙara ba. Da na ukun ya cika, na sa ƙafa na yi taku biyu, tsaf, daidai kan ɗaya. Ya ɗago ya dubi ƙafata, ya dube ni, ni ma na dube shi.

Ban karya alkawari ba, Malam, ban faɗa wa kowa komai ba. Kai ka faɗa. In duk da haka ka ji haushina, ka yafe mini ƙaryata biyu, amma kada ka jira nadama daga gare ni, na duba ban samu ba. Da za mu tashi Michiyo-san ta damƙe hannuna ta ce, "Ƙafarki ta gyaru."

Allah ya yi maka rahama, ya sa ka huta, ya saka maka da alherin duk asirin da ka rufa da duk haƙurin da ka yi da masu nauyin ƙafa irina. Ina miƙa ta'aziyyata ga Michiyo-san da 'ya'yanku da jikoki, da ɗalibanka, da makaɗan Kobe waɗanda suka yi shiru a lokacin da ya kamata su yi magana. Allah ya ba mu haƙurin rashinka. Lufar tana wurina, ba zan sake ɗora komai a cikinta ba, na sayi wata don koyo. Shiratori-san kuma ban manta da shi a addu'a ba: Allah ya ba shi tsawon rai da lafiyar kunne.