Kabul ɗin Alhaji Isufu

Har yau ban manta da ranar hawan Arfa da aka tura ni Zongo ba. Lokacin ni ƙaramin ma'aikaci ne, aikina haɗa dikoda, akwatin da ke kawo tashoshi a talabijin, a gidajen mutane. Ga waɗanda ba su sani ba, wannan dikoda ba ta da tauraron ɗan'adam. Daga rauta, akwatin intanet na gida, take shan hoto. Ko dai a ja kabul, wato igiyar waya, tsakaninsu, ko a haɗa su ta wifi. Da safe a ofishinmu na Nyékonakpoè na nemi dogon kabul. Shugaban sashenmu ya leƙa takardar aikin, ya ce, "Zongo? Wifi ya isa. Kabul na aikin Totsi ne." Totsi unguwar masu hali ce. Ban yi musu ba, kuma wannan shiru nawa shi ke cina har yanzu.

Gidan babba ne, ɗakunan haya kewaye da tsakar gida. Mai gidan, Alhaji Isufu, tsohon direban motar shanu ne daga Nijar, ɓarin jikinsa ya shanye. 'Yarsa Samira ta shigar da ni. Matarsa ta tafi aikin Hajji, shi kuma ya ƙudura sai ya gan ta a talabijin.

"Baba, mutanen can ba su ƙirguwa fa," na ce.

"Ɗana, kai dai ka kawo hoto. Ni na san tafiyarta."

Na haɗa komai. Dutsen Arfa ya fito, fararen kaya ko'ina, sai hoton ya tsaya cak, 'yar da'ira na ta juyawa a tsakiya. Rautar tana can ɗakin Samira, ƙarshen gidan. Da na duba masu amfani da ita, sai na ga wayoyin salula jere kamar takalma a ƙofar masallaci. Duk gidan a kanta suke, har da mai koko ta waje.

Na yi abin da aka koya mana, na canja lambar sirri. Nan take hoto ya tafi sumul. Alhaji ya sa aka ɗaga shi da matashi, yana bin fuskoki da ido, leɓensa na motsi. Ba a yi minti goma ba aka fara sallama a ƙofa. "Samira, rezo ya tafi ne?" Intanet suke nufi. Wata na son kiran ɗanta a Makka, wani yana sauraron huɗuba a waya.

Alhaji ya juyo gare ni. "Me ka taɓa?"

Na faɗa masa. Na ce zuwa la'asar kawai, don a can rana na riga tamu faɗuwa. Na ce in ba haka ba, su kashe wayoyi su shigo a kalla tare. Ya dubi zanen da aka rufe masa ƙafafu, da robar fitsari a gefen gado. Ya ce ba mai ganinsa haka.

"Tun da na gina gidan nan ban taɓa kulle famfo ba. Ranar Arfa zan fara? Mayar musu."

Na mayar. Hoton ya daskare a kan wani dattijo da ya ɗaga hannuwa sama. Na kira ofis, aka ce motar kaya tana Totsi, gobe kuma Sallah. Na matsar da rauta iya tsawon wayarta, na buɗe taga, na kashe na kunna. Banza. Haka muka zauna, ni da shi, hoto ya yi taku biyu ya tsaya, har aka watse daga Arfa. Bai yi mini faɗa ba. Da zan fita ma cewa ya yi Samira ta ba ni naman Sallah in na dawo.

Na dawo kwana huɗu bayan Sallah, kabul a kafaɗa. Tabarmi na tarar a ƙofar gida, maza zaune ana makokin Alhaji. Hajiya ba ta ma baro Makka ba.

Yanzu ni ke raba muku kaya da safe, ku sabbin ma'aikata, kuna cewa na cika takura. Ku ce. A littafinmu rauta ta gida ɗaya ce. A Zongo ta unguwa ce, kuma mai ita ba zai kori kowa ba ko da shi zai rasa. Shi ya sa ba mai fita nan ba kabul. Wancan da na kai a makare yana cikin durowata, ban iya ba kowa shi ba.