Shekarar da Na Zama Birkin Hannu

Bara waccan, bayan girbi, Baba ya kai motarsa Gusau wurin dillalan nan da suka buɗe babban gareji tun da aka ba mu sabuwar jiha. Akori-kura ce ta ɗaukar hatsi, a lissafina ta girmi Inna. Suka canza mata birkin baya. Ya dawo Bungudu yana cika baki a tasha: makanikan can rigarsu iri ɗaya, har kujera suka ba shi. A gaban direbobi ya ɗauko waigi, guntun katakon nan da ake cusawa ƙarƙashin taya, ya wurga shi kwata.

"Wanda ya kai motarsa kamfani ba ya yawo da icce," in ji shi.

Washegari ya ja birkin hannu a ƙofar gida ya fita, motar ta biyo shi kamar tunkiyar da ta ga dusa. Sandar birkin na tasowa har ta kusa taɓa rufi, ba ta riƙe komai. Ya koma Gusau, suka ce sabon birki ne, zai zauna. Bai zauna ba. A bar ta a giya kuma ba hali, don in aka kashe injin sai an tara rabin unguwa su tura. Dutse kuwa, Baba ya ce gara a kai shi kabari da direbobin Bungudu su ga dutse ƙarƙashin tayarsa.

Sai aka naɗa ni. Duk inda ya tsaya, in zame kujerarsa, in take birkin ƙafa, in ɗora hannu a taga kamar mai shan iska. Har yau ƙafata ta dama ta fi ta hagu kauri. Inna ta ce ƙarya nake, amma ai ba ta auna ba.

Aboki ɗaya gare ni. Benci ɗaya muka zauna tun firamare, bulala ɗaya muke sha. Da aka mai da babansa aiki Tsafe, sai na riƙa yin tsokanata a aji, in waiga, ba wanda zai ƙarasa ta. Ran nan wani direba ya kawo saƙo: an sake mai da su, wannan karon can kudu mai nisa. Za su tashi ranar kasuwar Tsafe bayan azahar, in zo tasha mu yi sallama.

Baba yana da lodin dawa zuwa Tsafe ranar. Na roƙe shi ya tafi da ni, ya ce, "Da wa za ni in ba kai ba?" Har na ji daɗi.

Mun isa kasuwa ta cika, ba wurin tsayawa sai wata gangara. Motar cike da buhuna, a ƙasa bayanmu mata masu fura da nono sun jera ƙoransu, yaransu na rarrafe.

"Yanzu nan zan dawo," Baba ya ce. "Kar ka ɗaga ko da maciji ya hau ka."

"Baba, abokina fa?"

"Tashar za ta gudu ne?"

Daga inda nake ina hango tashar, tsallaken titi. Aka kira azahar. Na ga ana ɗaure katifu a kan wata bas, na ga babarsa, sannan na gan shi cikin shuɗiyar riga. Ya yi tsawo. Yana tsaye yana duba duk motar da ta fito daga wajen Gusau. Na danna hon, amma hon ɗinmu kukan akuya mai mura yake, kuma kowa a Tsafe hon yake dannawa. Na ƙwala masa kira har maƙogwarona ya bushe. Mutum dubu a gabana, ba wanda ya waigo.

Ƙafata ta fara rawa. Na sassauta kaɗan, motar ta yi baya taku guda, wata tsohuwa mai nono ta miƙe.

"Kai ɗan nan, mi kaka yi? Kashe mu za ka yi?"

"Inna, don Allah sa mini dutse a taya."

"Motar ubanka ba birki?"

"Akwai. Ni ne."

Ta yi tsaki, ta mirgino wani ƙaton dutse ta tokare tayar. Na diro, ƙafar ta mutu, na faɗi, na tashi ina ɗingishi na tsallaka. Inda bas ɗin ta tsaya sai ɓawon rake da guntun igiya. Wani ɗan kamasho ya ce yaro mai shuɗiyar riga ya yi ta roƙon direba ya ɗan jira.

Da na dawo Baba na tsaye yana kallon dutsen, tsohuwar na yi masa faɗa. Na shirya shan mari. Ya dube ni, ya dubi tashar.

"Sun tafi?"

Na gyaɗa kai.

Ya shiga ya take birkin da kansa, ya ce in ɗauko dutsen in sa a gidan gaba. Muka koma Bungudu. A tasha, direbobi na zaune, ya ce in sauka in sa shi a taya. Suka yi dariyarsu suka gama.

Yanzu dutsen ke zama da mota, ni ina da sukunin zuwa duk inda nake so. Yawanci sai in zauna kusa da shi.