Gayyar da ta raba ni da lamba tara

Mu 'yan ƙwallon kwaleji ne muka roƙa a kawo kocin nan, shi ya sa har yau abin yake ci mini rai. Kwalejinmu tana gefen Funtua, kuma muna da ƙafa, kowa ya shaida. Matsalarmu ɗaya ce: da an dawo hutun rabin lokaci sai numfashi ya ƙare mana, a yi ta zura mana ƙwallo muna kallo. Muka matsa wa malamin wasanni, shi kuma ya matsa wa hukumar makaranta, har aka yarda za a ɗauko mai horar da jiki, wanda aikinsa kawai ya gina mana ƙarfi da juriya. Ni na je tasha na tarbo shi, ni na ɗauko masa jaka a ka ina ta washe baki.

Mutum ne dogo, ɗan birni, ba ya raini amma ba ya dariya. Ya sa aka kawo tsofaffin tayoyin tirela muna kifarwa, aka cika buhuna da yashi muna gudu da su a kafaɗa. Mu da muka tashi da buhun masara a wuya, wai yau mu ake koya wa ɗaukar buhu, har da usur. Golanmu yakan ce da an bari ya kira babansa, da ya sha mamakin abin da ake kira karatu. Amma gaskiya horon ya yi aiki. Kafin kaka ta kama ina gudu har a tashi wasa ban dafa gwiwa ba, ni ne kuma lamba tara.

A shekarar aka ce masu ɗaukar 'yan wasa na ƙungiyar jiha za su zo kallon gasar kwalejoji. Ɗan manomi irina ba ya samun irin wannan dama sau biyu, ga shi shekarata ta ƙarshe ce. Sai sabon kocin ya kafa doka: an shiga sansani, duk wanda ya rasa atisaye ko na safiya ɗaya ya fita daga tawaga, kuma ba mai taɓa aikin gona, wai yana ɗaure tsoka. Sansanin nan kuwa tsakiyar girbin dawa aka sa shi.

To ga abin da ke ƙasa. Da damina ciwon baya ya kwantar da Baba a ƙauyenmu da ke bayan Malumfashi, ciyawa ta kusa cinye gonarmu. Maƙwabcinmu, wani dattijo Musulmi da suka tashi tare da Baba, shi ya kira gayya. Ya tara 'ya'yansa da samarin unguwa, da na masallaci da na majami'armu, suka nome gonar tas, ba abin da suka ci mana sai kunu da tuwo. Gayya kuwa ramawa ake yi, kuma da jiki ake ramawa, ba a aike. Ranar da dattijon ya sa tasa gayyar ta girbi, wata Asabar, dole a ga namiji daga gidanmu a gonarsa. Baba ko miƙewa ba ya yi sai da sanda, ni kaɗai ne ɗansa namiji.

Na sami kocin bayan atisaye na yi masa bayani tiryan-tiryan. Ya saurare ni, ya ce in ɗauki ɗan ƙwadago in tura a madadina. Na ce masa wannan zagi ne a wurinmu, kamar ka ce wa mutum zufarsa ta sayarwa ce. Ya ɗaga kafaɗa ya ce doka doka ce, in ya sassauta mini gobe kowa zai zo da tasa gonar.

Shi ban riƙe shi sosai ba a lokacin, baƙo ne, bai san gayya ba. Wanda ya ƙona mini rai malamin wasanninmu ne. Mutumin Bakori ne, ɗan ƙauye irina, kuma mu ɗin nan 'yan ƙwallo mu muke karya masa masara duk shekara, ya saya mana rake mu dawo muna murna. Yana tsaye a wurin, ya ji komai. Na juya na ce, “Malam, kai ka san abin nan, ka faɗa masa mana.”

Ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin babur. Ya ce, “Ka yi haƙuri, an ɗauko ƙwararre, ba zan sa masa baki a aiki ba.”

Na tafi gayyar. Ba jarumta ba ce, kawai na san in ban je ba Baba zai ja sandarsa ya je da kansa, kuma ba zan iya haɗa ido da dattijon nan a hanya ba. Na yi girbi ranar kamar mai faɗa da dawar, na ɗaure dami har ƙaiƙayi ya cika mini wuya. Dattijon ya yi ta sa mini albarka, bai san abin da na bari a baya ba, ni ma ban gaya masa ba. Da na koma ranar Litinin, jesita tana jikin wani.

Daga bayan wayar shingen fili na kalli gasar, cikin masu sayar da gyaɗa. Wanda aka ba lambata abokina ne, ba shi da laifi, ya ci ƙwallo a wasan ƙarshe, aka ɗauke shi. Ina jin sunansa a rediyo wani lokaci in ina gona. Ba na kashe rediyon, amma abinci ba ya mini daɗi ranar.

Bara da kaka ina loda buhunan masarata a kasuwar Danja, sai ga wata mota ta tsaya. Kocin ne, ya yi ƙiba, ya sa hula. Ashe ya zauna a ƙasar nan, har ya sayi gona kamar yadda ma'aikata suke yi. Ya gane ni, muka gaisa. Yana ta kukan cewa leburori sun yi wuya, dawarsa na zuba a gona, amma an ba shi shawara ya kira gayya, ya ji an ce mutanen nan akwai taimakon juna. Ya tambaye ni ko zan samo masa samari ranar Asabar.

Na sunkuya na ɗaga buhu na jefa a motar da nake lodi. Ya matso ya matsa mini dantse yana murmushi, karo na farko da na taɓa ganin haƙoransa. Ya ce, “Ka gani ko? Har yanzu horon da na ba ka bai bar jikinka ba.”