Abner da Karnukansa Tara

Tun yana ɗan shekara goma sha biyu Abner yake kiwon karnukan jan keken ƙanƙara a gaɓar kogin Yukon, kuma kifin salmon ne abincinsu. Duk kaka kifin yakan baro teku ya hauro kogi, ya zuba ƙwai a rafin da aka ƙyanƙyashe shi, ya mutu a can. Abner yakan kafa taru, ƙanwarsa Lavina ta tsaga kifin, su rataye a sanduna ya bushe. Da shi karnukansa tara suke rayuwa a lokacin sanyi, suna jawo masa itace a kan ƙanƙara.

A da, in kaka ta yi, har ƙauye ake jin ɗoyi. Beyar, wata ƙatuwar dabba mai gashi, takan ja kifi cikin daji, ta ci kai ta bar saura, mikiya da dila su yaga, ragowar ta ruɓe a gindin itatuwa. Shi ya sa 'ya'yan itacen da Lavina ke tsinka a bakin rafi suka fi na ko'ina girma.

Kaka huɗu ke nan hukuma ta hana kafa taru, wai kifi ya yi ƙaranci. Abner ya koma dafa wa karnuka shinkafa da kitse, duk da haka haƙarƙarinsu ya fito.

"Yaya, mutumin nan na birni ya sake kira," in ji Lavina. "Zai karɓi karnukan duka, su riƙa jan baƙi masu yawon buɗe ido."

"Masu ɗaukar hoto? Ke ki je ki ja su."

"Ai na fi su tsoka yanzu. Kai ma dubi wandonka, igiya ce ke riƙe da shi."

"Masu ƙidayar kifin nan na hukuma ba su san makwancinsa ba," in ji Abner. "Ban yarda ba. Sai na gani da idona."

Washegari ya shiga kwalekwale da babbar karyarsa Bessie, ya nufi rafin. Tun daga nesa ya gane lallai kifi ya yi ƙaranci, don iskar ba ta wari. Babu sawun beyar a taɓo, babu tsuntsu ko ɗaya. Ya bi gaɓa har rana ta karkata. A wani wuri mai tsakuwa ya ga kifi biyar, fatarsu duk ta saɓule, mace ɗaya tana haƙa ramin ƙwai da wutsiya.

Bessie ta zabura za ta cafke kifin. Ya cafke wuyanta, ya danne ta cikin ruwan sanyi, tana kuka tana fizga, yana jin ƙasusuwanta a tafin hannunsa. Bai sake ta ba sai da ta gaji.

Da ya dawo Lavina ta tarye shi a gaɓa. Ta ga tufafinsa a jiƙe, kwalekwale wayam.

"Ki kira mutumin birnin nan," ya ce. "Ki gaya masa karnukan ba sa cin abinci da zafi. Bessie kuma a gaba ake ɗaura ta, in an sa ta baya ba ta ja."

Jirgin saman da zai kwashe su ya zo ranar Laraba. Abner bai je filin jirgin ba. Ya tsaya bayan gida yana tuge turakunsu ɗaya bayan ɗaya.