Goggo Kulu da Jinin Zabbinta

Goggo Kulu yayar mahaifina ce. A Shinaka aka haife ta, aure ya kawo ta Marnona, kuma bayan rasuwar mijinta, Malam Yusha'u mai noman albasa, ta ƙi komawa gida, ta ce zabbinta sun saba da nan. Shekara ashirin da wani abu duk mai neman ƙwan ƙyanƙyasa ƙofarta yake zuwa, don zabbin Kulu ba su cika mutuwa ba.

Kowa ya san zabuwa ba ta da haƙurin kwanci, kaza ake zuba wa ƙwanta. Abin da Goggo ta ƙara a kan haka daga uwarta ta koyo shi. Duk bayan damina biyu ko uku takan je Shinaka, ta bi gefen daji inda zabbin dawa ke zuba ƙwai cikin ciyawa. Da ludayi take kwasowa, don kada uwar ta ji warin hannu ta bar gurbin, kuma ba ta kwashewa duka. Ta kawo su cikin ƙwarya da ƙaiƙayi, ta sa wa kajinta. In sun ƙyanƙyashe suka tasa sai ta rage musu gashin fiffike, su gauraya da na gida. Ba ɓoyewa take yi ba. Ba wanda ya taɓa tambaya ne.

Ina aji biyar na sakandare Dakta Abdulƙadiri Shittu ya zo da farar mota. Malamin jami'a ne, yana binciken yadda aka fara mayar da zabo ɗan gida. Ya ce jini kaɗan zai ɗiba daga zabbi talatin. Don a samu inda za a tsare su, ya aro kejuna wurin dillalan kaji a kasuwa, kashin kajin jiya na manne a jikinsu.

Goggo na riƙe masa tsuntsayen ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kan na bayan rumbu sai ta ce, "Dakta, waɗanga hwa ba kamar sauran ba na. Ƙwansu..."

"Goggo, riƙe min fiffiken kawai," ya ce, bai ko ɗago kai ba. "Abin da ke cikin jini mu muka karanta shi."

Ta riƙe fiffiken.

Kwana tara da tafiyarsa zabbin suka fara sunkuyar da kai, wuya ya karkace, zawo kore. Cikin ɗari da goma sha biyu, shida suka rage. Cutar ta tsallaka katanga ta shiga kajin maƙwabta. Mai unguwa, Alhaji Sahabi, ya buga wa Dakta waya har ya zo. Dakta ya leƙa akurki, ya fito ya tsaya ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, mutane sun taru, ya ce ƙazanta ce. Tsohuwa ce, in ji shi, ba ta san tsabta ba, kuma a yi hankali da duk abin da ya fito daga gidanta.

Mai karatu ne ya faɗa, aka yarda. Aka daina sayen ƙwanta. Wasu suka sa mata suna Kulu mai annoba. Da shidan nan ta sake farawa, kuma daga lokacin sai ta hau kabu-kabu ta kai ƙwai Rabah ko Goronyo, inda ba a san labarin ba. Ban taɓa jin ta yi kuka kan zabbin ba. Maganar ƙofar gida ce ke cin ta.

Shekara huɗu bayan haka, ina karatun kimiyyar dabbobi a jami'a, aka ba mu wata maƙala mu karanta. Sunan Dakta Shittu ne a sama. Ya rubuta cewa a jinin zabbin gida na Marnona ya ga kusanci da na daji irin wanda ba a gani a ko'ina ba, don haka wannan yanki na iya zama inda aka fara kiwon zabo. Na duba shafinsa a intanet, inda ake ƙidaya sau nawa wasu masana suka kafa hujja da aikin mutum. Maƙalar tana da ambato saba'in. Sauran rubuce-rubucensa duka ba su kai rabin haka ba.

Da na zo hutu na fassara mata, tana tsince wake. Ta ajiye faifan.

"Khairiyya, sake hwaɗi. Kusa da na daji?"

"Haka ya ce, Goggo."

Ta yi dariya har ta share hawaye da bakin zane. "To mi zai hana? Sha tara cikin talatin ɗin nan ni naɗ ɗauko ƙwansu bayan Shinaka, damanar da ta wuce kamin shi zo. Uwayensu ba su taɓa ganin akurki ba!"

Na ce mata ana iya rubuta wa mujallar da ta buga maƙalar a gyara. Ta tambaye ni amfanin ƙidayar nan. Na ce da ita ake ƙara wa malami girma, a gayyace shi taro, a ba shi aiki babba.

"Kuma ƙaruwa takai?"

"Kullum."

"To ba yanzu ba. Bar shi shi hau."

Shekara uku muka yi a haka. Duk zuwana, kafin ta tambayi jarrabawa sai ta tambayi ƙidaya. Ɗari da ashirin. Ɗari biyu. Ranar da na gaya mata ya zama farfesa, ta yanka zabo muka ci da tuwon shinkafa. Na ji tsoronta a ranar. Mace ce mai azumin Litinin da Alhamis, mai aika wa marasa lafiya fura, amma in an zo kan wannan mutum ba ta da sassauci ko kaɗan. Na taɓa ce mata haƙuri ya fi. Ta ce, "Haƙurin nikai, ɗiyata. Ba ki ga ina jira ba?"

Bara, bayan an yanke gero, ambaton ya haura ɗari uku, saƙo ya zo ta hannun mai unguwa: Farfesa zai dawo ɗibar sabon jini. Wata cibiyar bincike ta ƙasar waje za ta yi babban aiki kan zabbin Marnona, ta turo wakiliyarta, Dakta Asabe, ta ga garken da idonta.

Goggo ta sa aka share ƙofar gida, aka shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiya, ta dama fura da nono mai yawa. Ta bi gida-gida da kanta, har gidajen da suka daina amsa gaisuwarta, ta ce a zo a ga baƙi.

Da hantsi suka iso. Farfesa ya yi ƙiba, ya sa babbar riga. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya gabatar da ita a matsayin uwar wannan bincike. Goggo ta ce, "Marhabin da ɗana. Sha hura."

Dakta Asabe 'yar Zariya ce, mai magana a hankali. Ta buɗe littafi ta ce, "Mama, ya kike yi zabbinki ba sa gauraya da na wani wuri?"

Goggo ta shiga ɗaki ta fito da ludayi da ƙwaryar ƙaiƙayi. Ta yi bayani tun daga farko: wane wata take zuwa, wane gefen daji, ƙwai nawa take bari a gurbi, wace kaza take sa wa. Ta ce tun da 'yan bindiga suka matsa wa Shinaka ba ta koma ba, amma a shekarar da aka ɗibi jinin ba ta daɗe da dawowa ba. Ta ce sha tara cikin talatin ɗin daga ƙwan dawa suke, na bayan rumbu.

Dakta Asabe ta daina rubutu. "Kin gaya masa a lokacin?"

"Na buɗe baki. Yac ce in riƙe hwihhwike."

Farfesa ya yi 'yar dariya, ya ce da Turanci tsofaffi kan rikita shekaru. Dakta Asabe ba ta dube shi ba, ni ta duba. Na ce ina nan ranar, kuma ni na riƙe ƙwaryar a mota lokacin da muka dawo daga Shinaka.

Farfesa ya roƙi a ba shi minti biyu da Goggo a zaure. Goggo ta ce in biyo ta. A ciki ya cire hula ya share zufa.

"Goggo, don girman Allah. Aikin rayuwata ne. Ki ce kin manta shekarar. Me kike so in yi miki?"

"Hita waje ka hwaɗa musu abin da yak kashe min zabbi."

Ya mayar da hularsa. Sannan ya fita, ya tsaya gaban tabarmi, ya ce bayan nazari yana ganin wataƙila kejunan da aka aro a kasuwa suna ɗauke da cuta.

"Alhaji Sahabi kurma na yanzu," in ji Goggo. "Ɗaga murya. Kuma ban ji wa yak kawo kejin ba."

Ya ɗaga murya. Ya ce shi ya kawo su, ba a wanke ba. Ya ce akurkinta ba shi da laifi, kuma ya san haka tun ranar da ya tsaya a nan ya faɗi akasinsa. Alhaji Sahabi ya yi salati. Wata maƙwabciyarmu da ta fi kowa kiran sunan annoba ta ja mayafi ta rufe fuska.

Farfesa ya juyo ya dubi Goggo, yana jiran nasa rabon. Ita kuwa ta gyara zama kusa da Dakta Asabe.

"Kunna abin ɗaukar maganar taki, ɗiyata. Sha tara na, kamar yadda nac ce."

"Goggo! Ai mun yi magana!"

"Kai kat tambayi abin da nika so, nag gaya maka. Ni ban ce zan yi ƙarya ba."

Ba a ɗibi jini ranar ba. Dakta Asabe ta rubuta wa mujallar, aka sake duba sakamakon, zabbi sha tara suka ware gefe guda. Bayan wata bakwai aka janye maƙalar, cibiyar ta fasa aikin da shi. Mutanen unguwa suka dawo da ƙorensu neman ƙwai. Goggo ba ta kori kowa ba, sai dai takan bar mutum tsaye a rana ɗan lokaci kafin ta fito.

Da na nuna mata maƙalar a waya, da jan rubutun janyewa kwance a kan kowane shafi, ta tambaya ko sunansa na nan. Na ce yana nan, kuma ba za a taɓa cire shi ba. Ta aike ni Wurno in bugo mata a takarda, mai kala, shafi goma sha huɗu. Na ɗauka adanawa za ta yi. Da na kawo ta karɓa, ta jujjuya, ta yaba kaurin takardar, ta shiga akurkin 'yan tsaki ta shimfiɗa musu a ƙasa.